Farin Zinaren Girkawa: Mai Sayen Tsaba Ya Tambayi Salsalarta

A kundin manyan gidajen gwanjon tsofaffin kuɗi na Landan da Munik da Zurik akwai shafukan da idon masu tara kayan tarihi ke fara sauka a kai. Hotunan wasu 'yan dunƙulallun tsabobi ne masu launin rawaya da ya koɗe, ba su kai zinare ja ba, ba su kai azurfa fari ba. Akan ƙara girman hoton har ya cinye rabin shafi, amma in aka ɗora ainihin tsabar a tafin hannu, da ƙyar ta kai ƙwayar gurjiya. Faɗinta milimita 10 ne ko 11, nauyinta giram 2.5. A wannan ɗan fili ne wani gwanin sassaƙa da ya bar duniya shekara 2,400 da suka wuce ya fitar da kan zaki da gezarsa, ko fuskar mace da gyaran gashinta da ɗan kunnenta, har mai gilashin ƙara girma yana iya bin silin gashin ɗaya bayan ɗaya.

A ƙarƙashin hoton ana rubuta garin da ya buga ta, da zamaninta, da nauyinta, da lambar da masana suka ba irinta, da kuɗin da za a fara taya ta. Layin ƙarshe na salsala ne, wato hannuwan da ta bi kafin ta iso teburin gwanjo. Wata tsabar layinta dogo ne: wane ya mallake ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu, an sayar da ita a gari kaza a shekara kaza, ga hotonta a tsohon kundi. Da yawa kuwa ba su da layin sam, ko a ce daga taskar wani mutumin Turai ta fito, ba suna, ba shekara. Yawancin masu saye tsallake wannan layi suke yi su koma kallon kyan zaki. Kuskure ne babba, domin a wannan layin ne ake gane ko sha'awar mutum tana raya tarihi ko tana ciyar da masu tone shi da tsakar dare.

Ƙarfen da kansa gami ne na zinare da azurfa. Turawa na kiransa elektiram, daga wata kalmar Girkanci, amma Hirodotus, marubucin tarihin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), farin zinare ya kira shi, kuma wannan sunan ya fi zama a bakin Bahaushe. Da shi aka fara buga tsabar kuɗi a wancan sashe na duniya, tsakanin shekara ta 650 da ta 600 kafin Miladiyya, a yammacin ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Can daular Lidiya take, da babban birninta Sardis, a gindin dutsen Timolus, inda rafin Faktolus ke gangarowa da garin zinare a cikin yashinsa. Ta bakin teku kuma ga garuruwan Girkawa a jere: Afisa, Militus, Fokaya, da tsibiran Samos da Lesbos. Lidiyawa ba Girkawa ba ne, harshensu daban, amma maƙwabta ne masu cin kasuwa ɗaya, shi ya sa dillalan yau ke haɗa tsabobinsu a babi guda.

Aikin maƙera ne sak. A narka ƙarfe, a fitar da ɗan dunƙule daidai awo, a ɗora shi a kan uwar maƙera da aka riga aka sassaƙa wa hoto, a kafa masa wani ƙarfe mai baki murabba'i ta sama, a sauke masaba. Fuska ta ɗauki hoto, baya ya fito da ɗan rami mai kusurwa huɗu. Cikakkiyar tsaba, wadda suke kira siteta, ta ɗan haura giram 14 a awon Lidiya da Militus. Daga ita ake yankar sulusi, da sudusi, da rabin sudusi, a yi ta rabawa har a kai ɗaya bisa 96, mai nauyin giram 0.15, wadda in ta faɗa cikin kwanon dawa sai an tsaya tsinta da kyau. Wadda ta fi shahara ita ce sulusin Sarki Aliyatis na Lidiya, mai nauyin giram 4.7, da kan zaki ya wage baki, da wani ɗan tudu a goshinsa mai kama da fitowar rana. Wasu na ɗauke da rubutun harshen Lidiya da masana ke ɗauka sunan sarkin ne. Daga ɓangaren Girkawa kuma akwai tsabar barewa mai kiwo, wadda rubutunta ke cewa ita alamar wani ne mai suna Fanes. Tana cikin rubuce-rubucen Girkanci mafi tsufa da aka samu a jikin kuɗi.

An daɗe ana zaton yadda rafi ya kawo ƙarfen haka aka buga shi. Da aka gwada tsabobin zakin Lidiya a ɗakin bincike, sai aka ga zinarensu kusan kashi 54 ne cikin ɗari, sauran azurfa da ɗan jan ƙarfe, kuma awon bai cika sauyawa daga wannan tsaba zuwa waccan ba. Yashin rafi ba ya ba da irin wannan daidaito. Da gangan aka haɗa gamin a gidan buga kuɗin sarki. Tunda ido ba ya iya raba mai kashi 54 da mai kashi 45, hoton zakin nan shi ne lamuni: sarki ne ke cewa a karɓa a kan daraja kaza, shi ya tsaya mata. Ga alama 'yan canjin wancan zamani ba su saki jiki gaba ɗaya ba, domin ana samun sulusin da aka dandatsa wa ƙananan hatimai a fuska da gefe, wani lokaci fiye da 10 a tsaba guda, kowane mai hatimi ya bar shaidar cewa ta bi ta hannunsa. Baƙin dutsen nan da maƙeran zinare ke goga ƙarfe a kai don su ga launin zanensa, har gobe ana kiransa dutsen Lidiya.

Sarki Kirosus, ɗan Aliyatis, wanda ya hau mulki wajen 560 kafin Miladiyya, shi ya raba gardama a Lidiya. Ya koma buga zinare zalla daban, azurfa zalla daban, da hoton zaki da bijimi suna fuskantar juna. A 1968 masu haƙa daga jami'o'in Harvard da Cornell suka gano wurin tace zinare a bakin Faktolus, inda ake gasa ƙarfen da gishiri a cikin tukwane har azurfar ta rabu da shi.

Wasu garuruwan Girkawa ba su bi shi ba, suka riƙe farin zinarensu fiye da shekara 200 bayan haka, kuma su ne suka bar wa masu tarawa abin da ke hana su barci. Kizikos, a bakin Tekun Marmara kusa da garin Erdek na yanzu, ta riƙa buga siteta mai giram 16. Yawancin garuruwa hoto ɗaya suke riƙewa, kamar yadda Atina ta riƙe mujiyarta. Kizikos kuwa sauya hoto take yi a kai a kai: yau jarumi a durƙushe da baka, gobe doki mai fukafukai, jibi kan wani dattijo mai sanƙo. Abu ɗaya ne ba ya sauyawa, ɗan kifin tuna da ake maƙalawa a ƙasa ko a gefe, domin kamun kifin nan na cikin arzikin garin. Wani masani Bajamushe, Hans von Fritze, ya lissafa hotuna iri fiye da 200 a 1912, kuma an ƙara gano wasu tun daga lokacin.

Kuɗin Kizikos ya yi tafiya kamar yadda manyan kuɗaɗen ƙetare ke yi a yau. Zenofon ya ba da labarin yadda, wajen shekara ta 400 kafin Miladiyya, aka yi wa sojojin haya na Girka da suka iso bakin Bahar Aswad alkawarin siteta ɗaya ta Kizikos kowane wata. Lisiyas, mai rubuta wa mutane jawabin kotu a Atina, ya faɗa wa alƙalai abin da azzaluman mahukuntan birnin suka kwashe daga akwatinsa a 404: tarin azurfa, da tsabar Kizikos 400, da zinaren Farisa 100, da kofunan azurfa 4. Wanda ya riƙe siteta ɗaya a hannu yau, albashin soja na wata guda ya riƙe, kuma ba abin mamaki ba ne in jikinsa ya yi yam.

Su kuma Mitilini ta tsibirin Lesbos da Fokaya, wadda yau ake kira Foca, sudusi suka ƙware a kai, irin wadda ke cika rabin shafi a kundin gwanjo. An samu yarjejeniyar da garuruwan biyu suka ƙulla a rubuce a jikin dutse, ta wajen shekara ta 400 kafin Miladiyya. Sun amince su riƙa buga kuɗi bi da bi, bana wannan gari, baɗi wancan, ƙuri'a kuma ta ba Mitilini farawa. Jami'in da ke haɗa gamin ana iya gurfanar da shi cikin wata 6 bayan ƙarewar shekararsa, in kuma aka tabbatar da gangan ya yi algus ya rage zinare, hukuncinsa kisa ne. Zamanin ya ƙare ne bayan da Filibus na Makidoniya da ɗansa Iskandar suka cika kasuwanni da zinare zalla, wajen 330 kafin Miladiyya.

Duk wanda ya san waɗannan labarai zai fahimci mai tarawa. Sai dai ya kamata a tambaya: daga ina aka san su?

Shekarun da aka faɗa a sama ba a jikin tsabobin suke ba, domin babu wadda ke ɗauke da kwanan wata. Daga ƙasa aka karanto su. A 1904 da 1905 David Hogarth, wanda gidan tarihin Birtaniya ya tura, ya haƙa ƙarƙashin tsohon ɗakin bautar Artemis a Afisa, ya samu tsabobin farin zinare fiye da 90, wasu a cikin harsashin gini tare da kayan ado, wasu a cikin 'yar tukunya. Akwai dunƙulen da ba hoto, akwai mai zane-zanen layi kawai, akwai mai zaki. Saboda an san a wane hawa na ƙasa kowace take, da irin kaskon da ke kusa da ita, da ginin da ya danne ta, masana suka samu igiyar da za su ɗaure zamanin. Masu bincike daga Ostiriya sun sake haƙa wurin daga baya, suka ƙara tabbatar da cewa tun kafin shekara ta 600 ana buga kuɗin. Kusan duk abin da dillali ke rubutawa a ƙarƙashin hoton tsabar farko, daga wannan rami guda aka aro shi. Yawancin tsabobin suna gidan tarihin Istanbul.

A 2003 kuma masu haƙa daga gidan tarihin Hermitage suka ci karo da butar tagulla a kufan Mirmekiyon, kusa da Kerch a yankin Kirimiya, da sitetar Kizikos 99 a ciki. An ɗauko ta yadda take, an san ginin da aka ɓoye ta. Daga buta ɗaya ana iya ganin waɗanne hotuna ne suka yi yawo a zamani guda, wanne ya fi gogewa saboda daɗewa a hannu, da yadda kuɗin wani gari na Marmara ya tsallaka teku zuwa ƙasar da Girkawa ke sayo alkama. Da ɓarayin kufai ne suka riga kai wa butar nan, da an watsa tsabobin 99 a gidajen gwanjo goma cikin shekara goma, kowace da layin salsala fayau, butar kuma a jefar ko a sayar daban. Ba za a rasa ko tsaba ɗaya ba, amma labarin ya tafi ke nan, ba mai dawo da shi.

Hakan na faruwa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne. A 1984 wasu mutane masu na'urar gano ƙarfe suka tono tulin tsabar azurfa kusan 1,900 a Elmali, a kudu maso yammacin Turkiyya, aka yi fasa-ƙwaurinsu zuwa Turai da Amurka. Sai a 1999, bayan doguwar shari'a, aka mayar da 1,661. Kafin wannan, a tsakiyar shekarun 1960, an fasa kaburburan manyan Lidiya a yankin Ushak, gidan tarihin Metropolitan na New York ya sayi kayan ya ajiye su shekaru a ma'aji. Ɗan jaridar Turkiyya Ozgen Acar ya bi sawunsu, gwamnati ta kai ƙara a 1987, aka mayar da kaya 363 a 1993. Turkawa na kiran kayan Taskar Ƙaruna, domin a bakinsu Kirosus ya ari sunan attajirin nan da Alƙur'ani ya ba da labarinsa, ko da yake mutum biyu ne daban.

Takardar salsala ita ma ana ƙirƙirarta. A Oktoban 2020 aka sayar da wata tsabar zinare ta Rumawa a Landan, wadda Burutus ya buga don tunawa da kisan Yuliyas Kaisar, a kan fam miliyan 3 da 'yan kai. A 2023 masu gabatar da ƙara a New York suka nuna cewa tarihin mallakar da aka jingina mata na ƙarya ne, dillalin ya amsa laifi, aka miƙa tsabar ga ƙasar Girka. In har za a yi wa tsabar da duniya duka ke kallo haka, ina ga 'yar sudusin da ake sayarwa dala ɗari-ɗari ko 'yan dubbai ba tare da kowa ya waiwaya ba?

Mai karatu a Najeriya da Nijar ya san wannan ciwo a gida. Tun da aka fara samun mutum-mutumin yumɓu na Nok a wurin haƙar kuza a kudancin Kaduna a 1928, abin ya yi ta jan hankali har ya zama kasuwa. A shekarun 1990 aka yi ta tone wurare ana lodin kawuna zuwa Turai, haka aka yi wa kayan Bura a Nijar, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekara ta 2000. Da masana daga jami'ar Frankfurt suka fara aiki a yankin Nok a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, sun tarar da wurare da dama an riga an yi musu rami-rami. Kawunan suna nan a ɗakunan attajiran ƙetare, kyawawa, amma tambayar me mutanen Nok ke yi da su ta ƙara wuya, domin ƙasar da za ta amsa an birkita ta.

Masu tarawa suna da hujjarsu, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa tsaba ba kamar mutum-mutumi guda tilo take ba. Dubbai aka buga, don yawo aka yi ta, sitetar Kizikos tana iya fitowa a Bulgeriya ko Yukren ko Turkiyya, to wace ƙasa ce za ta ce tata ce in ba a san ramin ba? Suna cewa an fara tara tsofaffin kuɗi a Turai ɗaruruwan shekaru kafin a yi dokokin yau, kuma kakanni ba su ajiye rasit ba, don haka rashin takarda ba ya nufin sata. Suna kuma tuna wa masu sukarsu cewa ilimin kansa da guminsu aka gina shi. Wannan gaskiya ce. Hans von Aulock, ma'aikacin banki Bajamushe da ya zauna a Istanbul, ya tara tsabobin yankin fiye da 8,000, aka buga su a kundaye da masana ke buɗewa har yau. Taskar Jonathan Rosen, da aka wallafa a 1983, tana cikin abin da ake komawa a kai a fannin farin zinare. Littafin Friedrich Bodenstedt na 1981 kan sudusin Mitilini da Fokaya shi ne ke ba kowace tsaba lambarta a kasuwa da jami'a. Akwai ma wani bincike da ba ya bukatar rami: in aka jera hotunan tsabobi da yawa, ana gane waɗanda aka buga da ƙarfen hatimi ɗaya, ana ganin tsagar da ta fara ƙarama a wannan ta girma a waccan, a haka a jera su daga ta fari zuwa ta ƙarshe. Kundayen gwanjo sun ba da hotuna masu yawa ga wannan aiki.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Gidajen tarihin gwamnati ba duka ne amintattu ba. A 2006 aka gano cewa wani adon zinare mai siffar dokin ruwa mai fukafukai, wanda ya fi komai suna a Taskar Ƙaruna, an sace shi daga gidan tarihin Ushak an ajiye jabu a gurbinsa, da hannun na ciki. Sai bayan shekaru aka gano shi a Jamus aka dawo da shi. Ma'ajiyoyi da dama a ƙasashe daban-daban cike suke da tsabobin da ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba, balle ɗalibi ya gan su.

Duk da haka hujjar ba ta kai inda suke so ta kai ba. Tsohuwar taska tana da iyaka, ba ta haihuwa. In wani irin tsaba da a da ake ƙirga samfurinsa da yatsu ya wayi gari yana fitowa goma-goma a gwanjo cikin 'yan shekaru, duk da irin ƙasa ɗaya a jikinsu, duk ba takarda, kowa a sana'ar ya san ba daga akwatin kaka suka fito ba. Wani ne ya samu tukunya. Dokar ƙasar da aka fi samun farin zinare kuwa a fili take: tun 1906, zamanin Usmaniyya, aka ayyana kayan tarihin da ke cikin ƙasa mallakar hukuma, dokar Turkiyya ta 1983 ta jaddada haka. Sabuwar tsaba da ta fito daga can ba izini, ta ɓarauniyar hanya ta fito, ko da hannu na biyar da ya karɓe ta mutumin kirki ne. Kuɗin mai sayen ƙarshe shi ke gangarawa, dillali zuwa dillali, har ya sayi batirin na'urar da za a shiga gona da ita gobe da dare.

Ɗaliban ilimi a ƙasar Hausa ba sa bukatar dogon bayani a nan, domin sun tashi da sanin isnadi. Magana komai daɗinta, sai an tambayi wa ya ji daga wa, kuma in sarƙar ta yanke a tsakiya darajarta ta ragu. Haka ya kamata mai tara farin zinare ya ɗauki tsabarsa. Ya tambayi dillali inda ya samo ta, ya nemi hotonta a tsohon kundi, ya gwada da idonsa ko ita ce, tunda tsabar da aka buga da hannu ba ta da tagwai: karkacewar hoto da tsagar gefe shaida ce kamar zanen yatsa. Shekarar 1970, lokacin da UNESCO ta yi yarjejeniyar hana fataucin kayan tarihi, ita ce iyakar da manyan gidajen tarihi suka ɗauka. Mai tarawa da ya ga wannan ta yi masa nisa, aƙalla ya ƙi wadda ba ta da tarihi ko na shekara ɗaya. Zai biya fiye, zai tara kaɗan. Kasuwa ma ta fara saka wa masu yin haka, domin tsaba mai tsohuwar salsala tana fin 'yar'uwarta tsada, kuma ta fi sauƙin sayarwa. Amurka ta sa takunkumin shigo da kayan tarihin Turkiyya a 2021, har da tsofaffin tsabobi, Tarayyar Turai kuma ta fara neman lasisin shigo da irin waɗannan kaya daga Yunin 2025.

Salsala na kare mai saye ta wata fuskar. Farin zinare na cikin abin da 'yan jabu suka fi so, domin tsabar ƙarama ce, hotunanta ba su ƙirguwa, launinta kuma dama ba ɗaya ba ne. Tun zamanin da ake kashe tsabobin akwai masu lulluɓe tagulla ko azurfa da ɓawon zinare. A ƙarni na 19 Carl Wilhelm Becker na Jamus ya sassaƙa hatimai da hannunsa ya yaudari manyan masana, na yau kuma sun fi shi kayan aiki. Tsabar da hotonta ke cikin kundin shekara 60 da suka wuce ta tsallake jabun bana.

Gwamnatoci su ma da aikinsu. Manomin da garmarsa ta fasa tukunya ba maƙiyin tarihi ba ne, mutum ne mai iyali, kuma zai nufi inda ya fi samun biya da kwanciyar hankali. In zuwa wurin hukuma na nufin tambayoyi da jira da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ɗan fasa-ƙwauri zai riga ta. Ingila ta gwada wata hanya da dokar taska ta 1996 da tsarin rajistar abin da jama'a suka tsinta: wanda ya samu ya kai rahoto, kwamiti ya yi wa kayan kuɗi daidai kasuwa, in gidan tarihi na so ya biya, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona. A 2010 wani mai na'urar gano ƙarfe ya samu tulu a kusa da garin Frome, ya daina tono ya kira masana. Suka kwashe tsabobin Rumawa 52,503 hawa-hawa, suka ga yadda aka zuba su, aka biya fam dubu 320. Tsarin na da masu suka, kuma ba kowace ƙasa ce za ta iya kwafarsa yadda yake ba, amma ya nuna ana iya sa gaskiya ta fi ƙarya riba. A Turkiyya kanta doka ta yarda ɗan ƙasa ya yi rajista ya tara tsabobi ƙarƙashin kulawar gidan tarihi, kuma ta wannan hanya aka wallafa taskar Muharrem Kayhan a 2002, kowa na iya dubawa.

A Sardis, masu haƙa sun daɗe suna bin katangar birnin da rundunar Sairus na Farisa ta rusa lokacin da ta ci Kirosus da yaƙi, wajen 547 kafin Miladiyya. A 1988 suka samu ƙwarangwal ɗin wani saurayi a cikin ɓaraguzan, da raunukan yaƙi a ƙashinsa, da ɗan dutse damƙe a hannunsa. Kusa da kansa akwai wani ɗan ƙarfe da tsatsa ta rufe, wanda da aka wanke daga baya ya zama 'yar ƙaramar tsabar azurfa mai zaki da bijimi, nauyinta bai kai rabin giram ba. A 2002 aka ƙara samun biyu a ƙarƙashin ɓaraguzan katangar, ɗaya zinare ɗaya azurfa. Kafin nan masana sun yi shekaru suna gardama, wasu na cewa Kirosus ne ya fara buga irin wannan kuɗi, wasu na cewa Farisawa ne bayan sun ci garin. Tunda tsabobin uku suna ƙarƙashin rushewar, an riga an buga su kafin birnin ya faɗi, kuma da haka aka san zamanin da Lidiya ta bar farin zinare. A teburin gwanjo tsabar saurayin nan ba za ta ja hankalin kowa ba, don ƙarama ce kuma ta ci ƙasa. Masu haƙan sun rubuta inda take kwance, taku nawa daga katanga, a gefen wane ƙashi, kafin su ɗaga ta.